Toshewar Fitsari Ga Ragon Turka Da Taure

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, kowace shekara idan Sallar Layya ta ƙarato, gidaje da yawa suna asarar ragon da suka turke wata da watanni. Rago yana cikin ƙiba, dare ɗaya ya bar ci, bayan kwana biyu ya faɗi. Sau da yawa toshewar fitsari ce ta kashe shi, kuma maganinta yana cikin akurkinku.

Mine ne ke kawo ta?

Hanyar fitsarin namijin bisa doguwa ce, siririya, tana da lanƙwasa a tsakiya. Ga rago da bunsuru kuma, akwai wani ɗan siririn nama kamar tsutsa a bakin azzakari. Idan tsakuwa ko rairayi ya taru cikin mafitsara, nan ne yake zuwa ya maƙale. Tunkiya da akuya ba su cika kamuwa ba, don hanyarsu gajera ce mai faɗi.

Bisan da aka dandaƙe tun yana ƙarami ya fi shiga hatsari, domin hanyar fitsarinsa ba ta samu ta buɗe yadda ya kamata ba. Amma ku sani, ragon da ba a taɓa ba shi ma yana kamuwa.

Ita tsakuwar, daga abinci take. Dussa, hatsi, dawa da gurya suna cike da sinadarin fosfor, alhali kalsiyum ɗinsu kaɗan ne. Jikin bisa yana son kalsiyum ya ninka fosfor sau 2. Idan dussa ta yi yawa, haki ya yi kaɗan, bisa ba ya tuƙa sosai, sai fosfor ɗin ya bi ta fitsari ya daskare. In ruwa ya ƙaranta kuma, fitsari ya yi kauri, shi ke nan tsakuwa ta samu wuri.

Alamun da za ku gani

1. Rago yana miƙe jiki yana yunƙuri, amma fitsari ba ya fita, ko ya ɗiga kaɗan-kaɗan, wani lokaci da jini.
2. Yana kaɗa wutsiya, yana harbin cikinsa, yana cizon haƙora, yana kuka.
3. Gashin da ke bakin marar ya bushe, da wani abu kamar rairayi manne da shi.
4. Ya bar ci, ya bar tuƙa.

Mutane da yawa suna cewa “kashi ne ya ɗaure shi”, su ɗura masa mai ko kanwa. A'a. Ku kai shi busasshen wuri, ku duba ƙasa: ya yi fitsari ko bai yi ba?

Abin da za ku yi

Kada ku kwana. Idan hanya ta toshe gaba ɗaya, mafitsara tana iya fashewa cikin awa 24 zuwa 48. In ta fashe, sai ku ga kamar rago ya samu sauƙi, ashe fitsarin ne ke zuba cikin ciki. Ciki ya kumbura, bisa ya mutu, ko an yanka nama ya yi ta zarnin fitsari, ba ya ciwuwa.

Ku kira ma'aikacin kiwo mafi kusa. Sau da yawa yakan yanke wannan ɗan siririn naman, fitsari ya kuɓuto. Aikinsa ne, kada ku gwada da aska a gida. Kada kuma ku ɗura wa bisa ruwa ko maganin sa fitsari, mafitsara ta riga ta cika.

Rigakafi

1. Ruwa mai tsabta ya kasance gaban rago dare da rana. Lokacin zafi babban rago yana iya shan lita 5 ko fiye. Lokacin ɗari ba su son sha, sai ku bar ruwan ya ɗan sha rana.
2. Haki da harawa su fi dussa yawa. Harawar wake da ta gujiya suna da kalsiyum, su ne ke daidaita dussa.
3. Ku raba dussa safe da marece, kada a zuba ta gaba ɗaya.
4. Ku sa gishiri giram 20 zuwa 30 cikin kowane kilo na abinci, yana sa shan ruwa. Ku rage kanwa ga ragon turka, tana taimaka wa tsakuwa haɗuwa.
5. In za ku dandaƙe, ku jira bisa ya kai wata 6.

Kada a manta da muzuru

Muzurun da ke tsare muku rumbu daga kusu, shi ma yana toshewa, musamman wanda aka fiɗiye. Za ku ga yana yawan tsugunawa ba komi, yana kuka, yana lasar gabansa. Cikin kwana 2 ko 3 yana iya mutuwa. Ku kai shi likitan bisashe, kada ku ba shi farasitamol, guba ne ga kyanwa.

Jama'a, bokitin ruwa da damin harawa sun fi rago arha. Kowace safiya in kun je ba da dussa, ku tsaya ku ga ragonku ya yi fitsari. Allah ya sa albarka cikin kiwonmu.