Mayar da tsohon keke na lantarki: Aikin yini guda ne, amma batirin ne abin lura

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, lissafin mai babur ya canza. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Wannan ya sa wasu suka waiwayi tsohon keken da ke jingine a zaure, da tunanin a saka masa inji da batiri ya riƙa tafiya da lantarki.

Abin mai yiwuwa ne. Ana sayar da kayan haɗin a kwali guda, akasarinsu daga China, inda kamfanoni irin su Bafang da ke birnin Suzhou suka yi suna. A ciki akwai injin, wanda galibi yake zuwa ɗaure a tsakiyar ƙafar keke, da ƙaramin akwatin da ke daidaita wuta, da totur, da hannayen birki masu yanke wuta da zarar an matsa. Akwai wani nau'in injin da ake ɗaurawa wajen feda yana jan sarƙa. Ya fi iya hawan tudu, amma ya fi tsada, kuma yana saurin cinye sarƙar.

Mai gyaran keke da ya san aikinsa zai iya gamawa a yini guda: a cire ƙafa a sa mai injin, a ɗaure akwatin, a jona wayoyi. Inda ake yawan kuskure shi ne ƙarfen da ke riƙe da ƙafar. Ba a ƙera shi don ɗaukar murɗawar inji ba, don haka idan ba a ƙara masa ƙarfen tokara ba, musamman a ƙafar gaba, bakinsa na iya buɗewa ƙafar ta fice ana cikin gudu. Birki ma haka. Robar da ke tsayar da mai feda ba lallai ta tsayar da keken da ya ƙara nauyi da gudu ba. A Tarayyar Turai doka ta tsayar da injin irin wannan keke a wat 250, kuma ya daina taimakawa da an kai kilomita 25 a awa. Amma a kasuwa har mai wat 1,000 ana samu, kuma samari shi suka fi so.

Sau da yawa batiri ba ya cikin kwalin, daban ake saye, kuma kuɗinsa kan kai na sauran kayan gaba ɗaya ko ya fi. Mai volt 36 da amfiya 10 yana ɗaukar wutar da ba ta kai rabin yunit ɗaya na mita ba. Ko a rukunin Band A, inda yunit ya ɗan haura naira 200, cika shi bai kai naira 100 ba, kuma zai iya yin kusan kilomita 30 idan mahayi na taimakawa da feda, tafiyar da babur zai sha kusan lita guda. Yashi, kaya da iska kan rage wannan nisa.

Tsadar ce ke tura mutane ga batirin haɗi, wanda ake harhaɗawa da ƙwayoyin da aka ciro daga tsofaffin batiran kwamfuta. A ido ba a bambance shi da na kirki. A ciki kuwa wata ƙwayar ta gaji wata da sauranta, wani lokaci ma babu allon kariya da ke yanke caji idan ya cika. Ƙwaya ɗaya ta yi zafi fiye da kima sai ta kunna ta kusa da ita, wutar ta bi su ɗaya bayan ɗaya, da hayaƙi mai guba. Irin wannan wuta tana da wuyar kashewa, tana ma iya sake tashi bayan an ɗauka ta mutu.

A birnin New York na Amurka, gobarar batiran litiyam ta kashe mutum 18 a 2023, shekarar da birnin ya haramta sayar da kekunan lantarki da batiran da ba su da shaidar gwajin inganci. Hukumar kashe gobara ta Landan ita ma ta sha yin gargaɗi kan kekunan da aka haɗa a gida da kuma amfani da cajar da ba ta batirin ba. Batiri mai volt 36 cajarsa 42 take bayarwa, mai 48 kuma yawanci 54.6. Don bakin caja ya shiga ba ya nufin ita ce tasa.

A Arewa akwai ƙarin matsala biyu. Zafin watan Afrilu a Kano ko Sakkwato kan haura digiri 40, alhali ba a son a yi wa batirin litiyam caji idan zafinsa ya wuce 45, don haka wanda ya dawo daga rana sai ya bar shi ya huce tukuna. Sannan wutar NEPA ta fi zuwa cikin dare, lokacin da mai gida zai jona caji a ɗaki ya kwanta, ga yara na barci, ga keken a bakin ƙofa ya tare hanyar fita. Gara a yi cajin a tsakar gida, a kan siminti, nesa da katifa da galan ɗin fetur, kuma da mai ido biyu a kusa. Batirin da ya kumbura, ko ya fara wari, ko ya sha mugun faɗuwa, a fitar da shi waje, kada a sake jona shi.