A kan babur zuwa ƙauyen da aka ɗauki 'The Godfather'

Duk mai kallon finafinan Amurka ya san 'The Godfather', wanda darakta Francis Ford Coppola ya fitar a 1972. To, ko kun san cewa wurin da Al Pacino ya yi gudun hijira a fim ɗin ba garin Corleone ba ne? Lokacin da 'yan fim suka je tsibirin Sisili na ƙasar Italiya a 1971, sun tarar Corleone ta yi zamani da yawa, sai suka hau duwatsun gabashin tsibirin, suka zaɓi ƙauyukan Savoca da Forza d'Agrò.

A yau masu yawon babur kan bi wannan sawu. Tafiyar tana farawa daga Messina, inda jirgin fito ke sauke mutum da babur ɗinsa. Daga nan sai a kama titin SS114 a yi kudu, teku a hagu, duwatsu a dama. Idan an kai Santa Teresa di Riva sai a bar gaɓa a fara hawa. Hanyar 'yar siririya ce, kwana bayan kwana, har a kai Savoca, kimanin mita 300 sama da teku. Babbar mota sai ta yi da gaske, babur kuwa shigewa kawai yake yi.

A bakin ƙauyen ne Bar Vitelli yake, wato inda Michael ya nemi auren Apollonia a wurin mahaifinta. Har yau a buɗe yake, an lilliƙa hotunan fim ɗin a bango. Cocin San Nicolò da aka nuna a bikin yana can sama. Idan aka sauko aka ƙara gaba zuwa Fiumefreddo, ga Castello degli Schiavi, gidan da mota ta tashi da amaryar.

Wanda bai gaji ba sai ya nufi dutsen Etna mai aman wuta, wanda tsawonsa ya haura mita 3,300. Kwalta tana kaiwa har Rifugio Sapienza, wajen mita 1,900. A nan fa sai an yi hattara, jama'a. Tokar dutsen kan zubo a kan titi, ta sa taya santsi kamar an watsa yashi, musamman a kwana. Ga sanyi, ko da kuwa an baro zafi a bakin teku. A 2001 narkakken dutse ya lalata motar igiya da ke ɗaukar masu ziyara a wurin. Hular kwano kuwa dole ce a dokar Italiya.

Sama da shekara 50 ke nan da fitowar fim ɗin, amma har yanzu baƙi na hawa Savoca saboda 'yan mintunan da Coppola ya ɗauka a can.