Ƙofar da Ruwan Matsarmama Ke Bi, da Maganin da Ke Tare Ta



Duk wanda ya taɓa gyaran ragon layya ya san gargaɗin nan: "Kai, a hankali, kar ka fasa matsarmama!" To yau a kan wannan ruwan mai ɗaci zan yi magana, don masu haɗa magunguna sun sa masa ido sosai.

Hanta ce ke yin ruwan, daga kolestarol. Matsarmama ajiya kawai take yi. In ka ci abu mai maiƙo, sai ta matso shi cikin hanji ya narkar da kitsen, kamar yadda sabulu ke yi wa kwanon miya. Abin da ya fi burge ni shi ne jiki ba ya asararsa. Kusan kashi 95 cikin 100 na sinadaran ɗacin nan, a ƙarshen ƙaramin hanji ake tsotse su, su bi jini su koma hanta, a sake amfani da su.

Wannan zagayen yana da ƙofofi. Ta cikin hanji sunanta IBAT, ta shiga hanta kuma NTCP.

To ina matsalar? Akwai yaran da ake haifa da ciwon gado, ruwan ba ya iya fita daga hantarsu yadda ya kamata. Sai ya taru a hanta da jini. Ido ya yi ɗorawa kamar mai shawara, ga ƙaiƙayi mai hana barci, yaro ya yi ta susa har jini ya fito. Sai masana suka ce, tunda fitar ce ke wahala, mu rage mai dawowa. A 2021 aka amince da odevixibat da maralixibat a Amurka. Aikinsu toshe IBAT, sai sinadaran su wuce ta bayan gida, hanta ta samu sauƙi, ƙaiƙayin ya lafa. Amma fa suna sa gudawa, kuma dole likita ya riƙa duba bitamin A, D, E da K, don da kitse suke shiga jiki.

Ɓangaren suga da kolestarol fa? In sinadaran suka ƙi dawowa, hanta sai ta ci kolestarol don ta yi sababbi. Colesevelam, mai kama su tun a hanji, da haka yake rage kolestarol, kuma ana ba masu ciwon suga nau'i na 2.

Yanzu ga wanda ya shafe mu kai tsaye. A 2012 masu bincike a Beijin suka gano cewa ta NTCP ɗin nan ƙwayar ciwon hanta B da ta D ke shiga hanta. Daga baya, a 2020, Turai ta amince da bulevirtide, allurar da ke tare ƙofar, ga masu ciwon hanta D.

Ciwon hanta B ya yi yawa a ƙasashenmu, kuma yakan yi shekaru shiru kafin ya nuna. Shawarata: ku je a gwada jininku. In babu, ku yi rigakafi. In an yi haihuwa a gidanku, a yi wa jariri allurar tun ranar farko.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.