Sai: Makamin Dogaran Okinawa Da Ya Kusa Ɓacewa

A kudu maso yammacin ƙasar Japan akwai tsibirin Okinawa, mahaifar wasan karate. Daga cikin makaman gargajiya na mutanen wannan tsibiri har da wani ƙarfe mai baki uku wanda suke kira Sai. Sunan ya yi kama da kalmarmu ta Hausa, amma ba su haɗa komai ba.

Ƙirarsa ba wuya. Ƙarfe ne miƙaƙƙe wanda tsawonsa ya ɗara kamu kaɗan, da waɗansu gajerun ƙarafa biyu a gindin mariƙi, lanƙwasassu kamar ƙahon sa. Ba shi da kaifi ko kaɗan. Akan riƙe guda biyu, ɗaya a kowane hannu, wani lokaci kuma a soke na uku a ɗamara. Gwani yakan juya shi ya kwantar da ƙarfen a kan dantsensa don kare sara, ko ya maƙale sandar abokin gāba tsakanin ƙahonin ya murɗe ta.

An daɗe ana cewa wai asalinsa kayan noma ne da talakawa suka mai da makami bayan mayaƙan Satsuma sun ci tsibirin a 1609. Masana tarihi da yawa ba su yarda ba, domin ƙarfe yana da tsada ƙwarai a Okinawa a wancan zamani, kuma akwai irin wannan makami a ƙasar Sin da Indonesiya da Malesiya, waɗanda mutanen tsibirin suka daɗe suna fatauci da su. Abin da ya fi ƙarfi shi ne, ma'aikatan tsaro na Daular Ryukyu, wato kamar dogarai a fada, su ne suke riƙe shi don kama masu laifi da kwantar da tarzoma. 

Da Japan ta rushe daular a 1879, aikin dogaran ya ƙare, masu sanin makamin suka yi ta raguwa. Yaƙin Okinawa na 1945 kuma ya hallaka dubban jama'a. Wani malami, Taira Shinken, wanda aka haifa a 1897, shi ya bi dattawa yana tattara darussan da suke kira kata, irin su Chatan Yara no Sai da Hamahiga no Sai. A 1955 ya kafa ƙungiyar adana fasahar makaman gargajiyar Ryukyu, ya ci gaba da koyarwa har rasuwarsa a 1970.

Albarkacin wannan himma tasa da ta gidan Matayoshi, yau ana koyon Sai a makarantun karate na ƙasashe da dama, ana kiran darussa da yawa da sunan mutum ko garin da aka gado su.