YADDA AKE AUNA MAN DA KE CIKIN RIJIYA TUN BA A JAWO SHI BA

Mutanen Madawa da Buza da Keita sun san aikin rijiya. Magini ya san tarad da ruwa daban ne, ruwan ya kai bazara kuma daban ne. Haka zancen yake ga man fetur. In kamfani ya gina rijiya ya iske mai, masu zuba jari ba su sakin kuɗinsu sai an faɗa musu ganga nawa za a iya fitarwa. Ganga guda lita 159 ce.

Mai ba tafki ba ne a ƙarƙashin ƙasa. Yana cikin ƙananan kafofin dutse, kamar yadda ruwa yake cikin yashin gulbi. Saboda haka ma'aikata suna auna abu huɗu: faɗin wurin, kaurin dutsen da ke riƙe da mai, yawan kafofin dutsen, da kuma rabon mai da ruwa cikin kafofin. Faɗi ana gane shi ta hanyar aika girgiza cikin ƙasa a saurari amsawarta. Sauran kuwa sai an zura na'urori cikin rijiya, an kuma ciro guntun dutse an duba.

Ga misali. A ce faɗin wuri murabba'in kilomita 10 ne, kaurin dutse mita 20. Dutsen ya kai kubik mita miliyan 200. In kafofi kashi ɗaya ne cikin biyar, saura miliyan 40. In mai ya cika kashi 7 cikin 10 na kafofin, saura miliyan 28, wato wajen ganga miliyan 175. Amma mai yana raguwa in ya hau sama, don iskar gas tana rabuwa da shi. Kuma mafi yawansa maƙale yake a dutse. Galibi wajen sulusi ake samu. Ashe abin sayarwa bai kai ganga miliyan 60 ba.

Rijiya guda ba ta isa shaida, sai an gina wasu kewaye da ita. Shi ya sa ake kasa lissafi uku: wanda aka tabbatar, wanda ake kyautata zato, da wanda mai yiwuwa ne kawai. Banki ya fi dogara ga na farko in zai ba da bashi.

Tarihin Agadem, cikin jahar Difa, ya nuna nauyin wannan lissafi. Kamfanonin Texaco da Esso sun yi bincike a gabashin Nijar tun shekarun 1970, daga baya Elf da Petronas suka shigo. An iske mai, an ƙiyasta shi sama da ganga miliyan 300. Amma wurin hamada ne, nesa da teku, kamfanonin suka ga kuɗin bututu zai cinye riba, man ya yi ta kwanciya. A 2008 gwamnati ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin CNPC na ƙasar Sin. A 2011 aka buɗe matatar SORAZ kusa da Damagaram, mai iya tace ganga 20.000 a yini. Da aka ƙara gina rijiyoyi lissafi ya ƙaru, har aka shimfiɗa bututu mai tsawon kusan kilomita 2.000 zuwa gaɓar teku a Seme, ƙasar Benin. Bututun ya ratsa jahar Tawa, kuma jirgin farko ya yi lodi a 2024.

Ƙasar Adar da Maggiya tana bisa babban kwarin da masana ke kira Iwillimidan, inda teku ya taɓa kwanciya. Ƙwaryar dodon koɗi da ake tsinta a duwatsun Keita shaida ce. Irin wannan ƙasa ake neman mai a cikinta, amma ba a fitar da na sayarwa daga nan ba tukuna.

Don haka duk ran da aka ji labarin an ga mai a wani wuri, ya kamata hukumomi da talakawa su yi tambaya uku: rijiya nawa aka gina, ganga nawa aka tabbatar, kuma nawa za a kashe kafin man ya isa kasuwa. Hausawa sun ce ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari.