Hasken leza yana rage ciwo, amma a yi hattara da masu talla

Duk wanda ya san kasuwannin Madarunfa da Ɗan Isa ya san cewa ciwon wuya da na baya da na gwiwa abokan sana'a ne. Mai tallar kifin tafki tana wuni da tire a ka, mai hatsi yana fama da buhu, mai ƙosai kuma tana duƙe gaban kasko tun asuba. Shi ya sa duk abin da aka ce yana kashe ciwo ba ya rasa mai saye. Yanzu kuma ga wasu ƴan na'urori masu jan haske sun shigo, wasu kamar agogon hannu, wasu kamar tocila, ana cewa leza ce mai maganin kowace cuta.

To, mene ne gaskiyar lamarin? Leza wani irin haske ne mai tafiya a tsuke wuri guda. An fara ƙera ta a Amurka a 1960. A 1967 wani likita ɗan ƙasar Hangari, Endre Mester, ya lura cewa ɓerayen da ya aske wa baya ya haska musu leza mai sauƙin ƙarfi, gashinsu ya riga na sauran tsirowa. Daga nan ya fara gwada ta a kan gyambon da ya ƙi warkewa. Irin wannan leza ba ta yanka, ba ta ƙuna. Haskenta yana ratsa fata, ƙwayoyin jiki su sha shi, kumburi ya ragu.

A 2009 mujallar likitoci ta The Lancet ta tattara gwaje-gwaje 16 da aka yi kan mutum 820 masu ciwon wuya, aka ga ciwon ya ragu, wasu har tsawon mako 22. A 2018 hukumar NICE ta Ingila ta amince a yi amfani da ita wajen gyambon baki da ke samun masu shan maganin sankara. Amma a kan ciwon ƙugu da gyambon masu ciwon suga, masana ba su samu hujja mai ƙarfi ba. Maganar tana warkar da hawan jini ko suga kuwa, zance ne na neman kasuwa.

Haka kuma a asibiti ma'aikacin gashin ƙashi ne ke auna ƙarfin hasken da mintocinsa, kuma sai an yi zuwa da yawa. Ana sa tabarau na musamman domin leza tana iya lalata ido. Ba a haska ta a cikin mai juna biyu ko a kan ƙari.

Saboda haka, ƴan'uwa ƴan kasuwa, kafin ku taɓa jari ko kuɗin adashe ku sayi na'ura, ku fara zuwa asibitin Madarunfa ko babban asibitin Maraɗi a gano tushen ciwon. Gyambon da ya wuce mako biyu bai kama hanyar warkewa ba, a auna suga. Mai shan maganin hawan jini kada ya ajiye shi don jan haske. A riƙa raba kaya gida biyu, a durƙusa da gwiwa wajen ɗaga buhu. Lafiya uwar jiki, ita ce jarin farko. Allah ya ƙara mana lafiya da kasuwa mai albarka.