Gado ko Riƙon Juna: Shiri na Musamman ga Masu Koyon Rubuta Manhaja



Tun da Regina Honu, wadda ta kafa kamfanin Soronko, ta shiga unguwar Nima ta birnin Accra da shirinta na Tech Needs Girls tana koya wa 'yan mata rubuta manhajar kwamfuta, iyaye da dama suka gane cewa wannan sana'a ba ta fi ƙarfin 'ya'yanmu ba. To, shirinmu na yau zai duba wani wuri da ke yawan kayar da masu koyo.

A ce wata makarantar Islamiyya a unguwar Madina ta Accra ta ba ka aikin manhajar rajista. Malami mutum ne, ɗalibi ma mutum ne. Sai ka tsara Mutum sau ɗaya, da suna da shekaru, Malami da Ɗalibi su gada daga wurinsa. Wannan shi ne gado, dabarar da Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard na ƙasar Norway suka shigar cikin harshen Simula a 1967. Gado gangarowa yake yi, ɗa ba ya haifar ubansa. Shi ya sa harshen Java ke ƙin karɓar manhajar da gadonta ya zagayo kansa.

Amma fa Aji da Ɗalibi? Aji na riƙe da jerin ɗalibansa, kowane ɗalibi kuma na nuna ajinsa. Wannan riƙon juna ne, kuma ga inda gizo ke saƙa. Harsuna irin su Python da Swift suna ƙirga masu riƙe da kowane abu, sai ƙirgen ya kai sifili su share shi daga ma'adana. Idan biyu suka riƙe juna, ƙirgen kowanne ya tsaya a ɗaya, ko da an gama amfani da su. Ma'adana ta yi ta cika, waya ta fara nauyi. Python ta samu mai farautar irin wannan zagaye a shekarar 2000. A Swift kuwa, kai mai rubutu za ka sassauta riƙon ɓangare ɗaya da hannunka.

Wasu kan tsere wa matsalar ta hanyar sa Ɗalibi ya gaji Aji. An gudu ba a tsira ba, domin ɗalibi ba aji ba ne. Ranar da yaro ya ci jarrabawa ya wuce gaba, tsarin ya kwance.

Saboda haka, 'yan uwa, kafin ku taɓa madannai ku tambayi kanku: wannan abu nau'in wancan ne, ko kuwa hulɗa ce kawai tsakaninsu? In nau'i ne, a yi gado. In hulɗa ce, a bar ɗaya ya mallaka, ɗayan ya yi nuni kawai.